Zuwa ga Malam Isyaku, Wanda Ya Zaunar da Mu Benci Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa irin wadda ɗalibi ke yi wa malaminsa yana durƙushe, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa, kabarinka a yalwace. Ni ne Haruna, wanda kake kira Haro, ɗan Baffa Jaɓɓo na rugar da ke bayan Tudun Gawo, yamma da Daura. Na san wannan wasiƙa ba za ta iske ka ba. Mutane ne za su karanta ta, waɗansu sun san ka, da yawa kuma ba su taɓa jin sunanka ba. Amma akwai labarin da nake riƙe da shi tun kakar bara, kuma duk wanda na fara ba shi sai in ji ba shi ya kamata ya fara ji ba. Kai ne ya kamata. Saboda haka da kai zan yi magana, su kuma su saurara.

Ka zo garinmu a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Lokacin ina yaro, 'yan maruƙa kawai ake bar mini. Ko'ina mutum ya zauna, kasuwa ko bakin rijiya, zancen ke nan, kowa da irin fatan da yake yi. Makarantar da aka turo ka kuwa ɗakuna biyu ce, iska ta yaye kwanon ɗaya. Mu 'yan ruga abin da muka sani game da ita shi ne wuri ne da ake kaɗa shanu su wuce da sauri, kada 'yan gari su jefe mu.

Ranar da ka fara zuwa rugarmu, turo kekenka ka yi, saboda yashi ya hana shi tafiya. Ka jingine shi jikin itacen dargaza, ka yi sallama, ka zauna a kan tabarmar da Inna ta shimfiɗa maka. Ka sha nono har ka nemi ƙari. Ba ka ambaci makaranta ba. Tambayar Baffa ka yi ta yi, me ya sa waccan saniyar take ɗingishi, yaya ake gane wadda ta kusa haihuwa. Da ka tafi Baffa ya ce wa Inna, wannan mutumin ko dai ɗan leƙen asirin masu haraji ne, ko kuwa ba shi da aikin yi.

Ka yi ta dawowa har karnukanmu suka daina yi maka haushi. Sai da damina ta raba tsakiya sannan ka faɗi abin da ke kawo ka. Baffa bai ɓata lokaci ba, ya ce: "In na ba ka su, wa zai yi mini kiwo?" Ka tambaye shi yaushe ake sakin shanu. Ya ce sai hantsi, in raɓa ta bushe. Ka ce: "To, ba ni su daga fitowar rana zuwa hantsi. Sauran yinin naka ne."

Duk da haka bai yarda ba, sai da ka taɓo masa inda ke yi masa ciwo. Kafin zuwanka an taɓa kai shi ƙara kan ɓarnar da ba shanunsa suka yi ba, aka miƙo masa takarda ya dangwala hannu bai san abin da ke ciki ba, ya dawo gida babu bijiminsa. Ina tsaye riƙe da igiyar maraƙi na ji ka ce masa: "Jaɓɓo, kowa yana murna shari'a ta zo, ni ma ina yi. Amma alƙali da abin da aka faɗa masa yake hukunci. Ranar da aka sake kiran ka, wa zai tsaya ya faɗi maganarka yadda za a gane ta?" Baffa ya daɗe yana tonon ƙasa da sandarsa. Washegari ya tura ni, da ni da Sa'adatu 'yar ƙanwarsa, da waɗansu yara na gidan Arɗo, shugaban rugarmu.

Sai da na girma na gane abin da wannan alkawarin ya ci maka. Kai kaɗai kake buɗe makaranta da sanyin safiya dominmu, ka koya mana baƙi da lissafi, sannan 'yan gari su zo mu haɗu na ɗan lokaci, mu tafi kiwo, kai kuma ka ci gaba da su har azahar. Babu wanda ya sa ka, babu kuma wanda ya ƙara maka komai a kai.

Ranar farko da muka haɗu da 'yan gari a aji, toshe hanci suka yi, wai muna warin man shanu. Muka dunƙule a lungu ɗaya kamar awaki cikin ruwan sama. Ba ka yi musu faɗa ba. Tashin kowa ka yi, ka sake rabon wurin zama, kowane ɗan ruga ka haɗa shi da ɗan manomi. Ni ka haɗa ni da Lawal ɗan Malam Audu, mai babbar gonar nan da ke bakin burtali, hanyar da shanunmu ke bi zuwa mashaya.

Ba mu yi mako ba muka kaure da dambe. Ya ce shanunmu ne suka cinye waken babansa. Na ce gonar babansa ce ta cinye hanyar shanunmu. Na fasa masa leɓe, ya yage mini riga. Duk aji ya zuba ido a ga wanda za ka fara zanewa.

Ba ka ɗauko bulala ba. Ka tsayar da mu gaban allo, ka ce da ni: "Haro, faɗa mana abin da ke damun Lawal." Na ce ai ƙarya yake yi. Ka ce: "Ban tambaye ka ko gaskiya ne ba. Cewa na yi faɗi abin da ke damunsa, har sai ya ce haka ne." Na yi ta kame-kame. Duk abin da na faɗa sai ka waiwaya ka tambaye shi, ya girgiza kai, ka ce in sake. Sai da na kai ga cewa waken nan shi babarsa ke sayarwa ta yi musu kayan salla, kuma bana ba za a yi musu ba, sannan ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Daga nan ka juya kansa. Shi ma ya sha wuya kafin ya iya faɗin cewa in hanya ta toshe, sai mun zagaya da shanu ta bayan dutse, kuma a can ne saniyar Innata ta karye.

Wannan ta zama dokar ajinka. Mun tsane ta, Malam, gara mana bulala sau goma, domin bulala zafinta na ɗan lokaci ne, ka koma wurinka da fushinka cikakke. Wannan kuwa kafin ka gama faɗin damuwar abokin faɗanka, rabin fushinka ya zube ba ka san inda ya shiga ba.

Ba ka tsaya nan ba. Da damina ka ba mu 'yan ruga fartanya, ka ce mu yi noma a 'yar gonar makaranta. Tafin hannuna ya yi kanta, bayana ya riƙe, kuma ranar da akuyar wani ta shiga ta cinye kunyar da na nome, kuka na yi da hawaye. Da rani kuma ka kwashi 'yan gari ka kai su rijiyar da muke shayarwa, ka ce su ja guga. Lawal ya ja har hannunsa ya saɓule, shanu kuwa ko rabin ƙishinsu bai tafi ba. Ya dube ni ya ce: "Kullum haka kuke yi?" Na ce kullum.

Ba kowa ya ji daɗin abin da kake yi ba. Malam Audu ya zo makaranta ransa a ɓace, ya ce bai turo ɗansa don ya zama bawan Fulani ba. Su ma mutanenmu akwai masu cewa kana so ka mayar da 'ya'yansu manoma. Waɗansu suka janye yaransu. Ka bi su gida gida, ba ka yi gardama da kowa ba, ka zauna ka ji su har su gaji. Mafi yawansu sun dawo da yaran. Da aka so mayar da kai wata babbar makaranta a cikin Daura, kusa da gidanku da danginka, ka roƙa a bar ka. Abin da ka ce da mai gari shi ne: "Ban gama ba tukuna."

Da na gama firamare, kai ka je ka shawo kan Baffa a karo na biyu. Ka kai ni Daura da kanka, ka ajiye ni a zauren yayanka, ka ce masa: "Ga ɗana." A gidan nan na ci na sha har na gama sakandare, ban taɓa jin an nuna mini bambanci ba. Daga can na wuce na karanci lafiyar dabbobi. Yau ni ne malamin dabbobin yankinmu, daga rugagen bakin iyaka har kasuwar Mai'aduwa babu inda ba a kira na. Sa'adatu ita ce ke riƙe da ɗakin shan magani na Tudun Gawo. Lawal bai yi nisa da karatu ba, gona ya gada, amma shi ne shugaban matasan gari, kuma in ya yi magana ana ji.

Ka ga farkon duk wannan da idonka kafin ciwo ya kwantar da kai. Ka tuna ranar da na zo duba ka a Daura da kwalbar man shanu, ka yi dariya ka ce a ajiye maka sai ka warke. Allah bai nufa ba. Ranar jana'izarka motoci da babura suka yi ta tahowa daga ƙauye. Masu rawani da masu malfa da sanda, duk suna rububin kama makara. Mutanen unguwarku suna tambayar juna, wai dama malamin firamaren nan haka yake da jama'a?

Yanzu ga labarin da na zo da shi.

Shekarun nan da ba ka nan, ƙasa ta yi zafi, Malam. Kullum sai mun ji a rediyo an ƙone ruga a wani wuri, ko an tashi wani ƙauye. Abin bai iso mu ba, amma tsoronsa ya iso. Mutane suka fara kallon juna da wani ido. Matanmu masu tallan nono suka rage shiga gari.

A kakar bara, an yanke gero ba a gama kwashewa ba, wake kuma yana gona, sai shanu suka faɗa gonar gidan su Lawal da sassafe. Ƙanensa Sabi'u ya je korar su, makiyayin ya ɗaga sanda ya sauke masa a ka, ya kaɗa shanunsa ya gudu. Aka ɗauko Sabi'u jina-jina, ba ya ko motsi. Kafin hantsi labari ya zagaye gari cewa Fulani sun kashe shi.

Ina wata ruga ina yi wa shanu allura wayata ta yi ƙara. Lawal ne. Muryarsa ba yadda na san ta ba. Ya ce: "Haro, duk abin da kake yi ka bari. Ka same ni bakin makaranta yanzu." Na biya ta rugarmu a kan babur. Na tarar mata suna ɗaure ƙore a zani, Innata tana jan jikokinta za su nufi daji, samarinmu kuma sun fito da sanduna da takubba sun tsaya gaban garke. Na roƙi Arɗo ya riƙe su, kada kowa ya gusa sai na dawo.

Ka san hanyar da ta fito daga gari zuwa rugarmu ta gaban makarantarka take bi. Da na iso na ga abin da ban taɓa gani ba. Samarin gari sun cika hanya, da adduna da gatura, waɗansu riƙe da jarkokin fetur. A gabansu kuma, a tsakiyar hanya, Lawal ne tsaye, rigarsa duk jinin ƙanensa. Ba shi kaɗai ba. Mutanen da ke tsaye a bayansa na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, tela, mai faci, ladanin masallacin Juma'a, direban motar kasuwa, duk 'yan ajinka ne, na gabanmu da na bayanmu. Babu wanda ya kira su taro. Kowa da ya ji abin da ake shirin yi, can ya nufa.

Da aka gan ni sai hayaniya ta tashi, wani ya ce ga ɗayansu nan, a fara da shi. Lawal ya kamo hannuna ya tsayar da ni kusa da shi. Ya ce da su: "Sabi'u ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk cikinku babu wanda ya kai ni jin zafi. Bai mutu ba, yana ɗakin magani, Sa'adatu ce take ɗinke masa kai, ita ma kuwa 'yar rugar nan ce da za ku ƙone. Ku ba ni lokaci kaɗan. In mun gama kuka ga har yanzu sai kun tafi, sai dai ku bi ta kaina."

Sannan ya juyo ya ce: "Haro, faɗa musu abin da ke damunmu."

Wallahi, Malam, sai na ji kamar kana tsaye a bayana. Sai na fara. Na ce abin da shanu suka tattake a safiyar nan abincin shekara ne na gida guda, tun daga sharar gona har girbi, gumin mutum da na 'ya'yansa. Na ce ba yau aka fara ba, kowace kaka sai an yi, kuma kowace kaka sai a ce a yi haƙuri. Na ce manomi ba ya iya ɗaukar gonarsa ya gudu da ita, shi makiyayi kuwa kafin a farga ya tsallake iyaka. Na ce yau abin ya wuce amfanin gona, ya kai ga jinin ɗan mutane.

Lawal ya tambaye su: "Haka ne?" Wani dattijo daga baya ya ce: "Da saura." Na san abin da ya rage, kuma shi ne mafi nauyi a bakina. Na ce abin da ya fi ƙona muku rai shi ne, duk sanda aka yi ɓarna aka zo rugarmu tambaya, sai mu ce baƙi ne masu wucewa, ba mu san su ba, alhali sau da yawa mun sani. Dattijon ya ce: "Yanzu ka faɗa."

Sai Lawal ya ɗauki tamu damuwar. Ya ce burtalin da kakanninmu suka bari, wanda garke ke wucewa a sake, yau ko amalanke da ƙyar take bi, kuma gonar gidansu tana cikin waɗanda suka ci shi. Ya ce an kewaye mashaya da lambuna, saniya tana ganin ruwa ba ta isa ta sha ba. Ya ce in makiyayi ɗaya ya yi laifi, duk mai sanda a kafaɗa ya zama mai laifi, har matar da ta zo sayar da nono. Ya ce tsofaffin da ke rugar can a nan aka haife su, a maƙabartar gari iyayensu suke kwance. Ya waiwayo ya ce: "Haro, haka ne?" Na gyaɗa kai.

Wani saurayi mai jarka, wanda ya taso bayan ka bar aiki, ya ce shi duk wannan surutu ne, a nuna musu wanda ya fasa kan Sabi'u. Lawal ya ce yana da gaskiya. Ya dube ni, ni kuma na san ba ni da wurin ɓuya. Tun a ruga na ji ko wane ne. Ɗan ƙanen Baffa ne, yaron da na goya a bayana. Na ce: "Na san shi. Ɗan'uwana ne. Ba zan ba ku shi a hanya ba, amma kafin azahar zan kawo shi gaban mai gari da hannuna, daga nan a wuce wurin alƙali. In ban kawo shi ba, ni ku riƙe." Ladan ya ce shi shaida ne. Tela ya ce shi ma. A hankali aka fara sauke adduna. Mai faci ya bi ya karɓe jarkokin nan ya kai shagonsa ya kulle.

Komawata ruga ta fi tsayuwata a hanya wuya. Baffana ƙarami, uban yaron, ya ce na sayar da jinina. Baffa mahaifina, wanda yanzu ido ya yi masa rauni, shi ya yanke maganar. Ya ce: "Don ranar irin ta yau na ba da shi makaranta. Ku ba shi yaron." Kafin a kira azahar muna ƙofar gidan mai gari.

A gaban alƙali ni na tsaya wa ɗan'uwana. Ban ce bai yi ba. Na faɗi yadda abin ya faru da yadda hanya ta matse har shanu suka fanɗare. Alƙali ya sa a kimanta ɓarna da rauni, danginmu suka biya, yaron kuma ya karɓi hukuncinsa. Bayan haka hakimi ya turo wakilai aka sake bin burtali daga farko har mashaya. Lawal ne ya fara tuge shingen gonarsu ya ja da baya, tun kafin a zo kansa. Da sauran suka ga haka, kunya ta hana su gardama.

Ba zan ce maka komai ya koma daidai ba, domin ka hana mu ƙara wa labari gishiri. Baffana ƙarami har yau in na gaishe shi da ƙyar yake amsawa. Akwai samarin da ke kiran Lawal ɗan koren Fulani. Sabi'u ya warke, amma tabon yana nan a goshinsa, kuma in mun haɗu gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki. Wataƙila wata kakar a sake samun saniyar da za ta tsallake shinge. Amma ba a ƙone bukka ko ɗaya ba, Malam. Ba a haƙa kabari ko ɗaya ba. Innata ta kwance ƙorenta ta mayar da su inda suke, da ranar kasuwa ta zagayo kuma ta ɗauki nononta ta shiga gari.

Baƙi daga wasu wurare sun zo suna tambayar mai gari wace dabara muka yi. Ya ce musu shi ma bai isa wurin ba sai da aka gama, su je su tambayi 'yan makarantar Malam Isyaku. Haka ake kiran mu yanzu, har masu furfura a gemu. Ni dai duk sunan da aka taɓa kira na da shi, babu wanda ya kai mini wannan daɗi.

Makarantarka tana nan, ta ƙaru. Mu tsofaffin ɗalibai muka haɗa hannu muka gyara rufin, masu ƙarfi suka yi aikin gini, mata suka ɗebo ruwa. Yaran ruga yanzu ba sai an bi su ba, har 'yata Hauwa'u tana aji uku. Ɗaya daga cikin malaman wurin ɗalibarka ce, kuma na ji yara suna ƙorafi cewa ba ta duka, amma abin da take sa su yi in sun yi faɗa ya fi duka ciwo.

Bayan ƙura ta lafa, ni da Lawal muka hau babur ɗaya muka tafi Daura gaishe da iyalinka. Muka tarar da matarka Inna Rabi a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta tsufa, amma tana nan da fara'arta. Muka durƙusa muka ba ta labarin nan tun daga farko. Ta saurara har muka gama, ta goge ido da bakin mayafinta. Sai ta ce: "Kun san har ya bar duniya yana ganin bai yi komai ba? Yakan ce mini, Rabi, abokaina sun zama manya a ma'aikatu, ni kuwa na ƙare a raba yara faɗa."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni har na zauna rubuta maka. Da ma a ce na faɗa maka tun kana iya ji. Na zo duba ka sau da yawa, mu yi hirar shanu da damina, ban taɓa buɗe baki na ce maka ga abin da ka yi mana ba. Mu ba a koya mana faɗin irin wannan a gaban babba ba. To yau na faɗa, a gaban duk wanda ya karanta. Malam, faɗan da ka yi ta rabawa a ɗan ajin nan, shi ne wanda bai tashi ba a garinmu. Akwai yara da ke wasa yau a Tudun Gawo da rugarmu, iyayensu na raye, ba su kuma san cewa albarkacinka suke ci ba.

Ya Allah, ga bawanka Isyaku. Ya zo mana baƙo, ya ɗauke mu 'ya'ya. Ka karɓe shi fiye da yadda ya karɓe mu. Ka gafarta masa kurakuransa, ka haskaka makwancinsa, ka sanya kowane rai da aka tsare a garinmu a cikin mizaninsa. Ka rufa wa iyalinsa asiri, ka shirya zuriyarsa. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, ka ba mu ikon riƙe abin da ya bar mana. Ka sada mu da shi a Aljanna Firdausi. Amin.

Ka huta, Malam. Ka gama naka.

Ɗalibinka kuma ɗanka,
Haruna Jaɓɓo, Haronka na rugar bayan Tudun Gawo.